Abin da Na Rufe da Gam

Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa, "Allah sarki Malama, Goggonki ta matsa miki lamba," na gode, amma yau ku riƙe tausayinku tukuna. A wannan karon Goggo ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Ni ce mai laifin. Kwana tara na yi ina yawo da abin a ƙirjina kamar na haɗiyi dutse, idan ban amayar da shi a nan ba, ban san inda zan kai shi ba.

Ga wanda bai san ni ba: shekarata ashirin da takwas, malamar 'yan ajin reno ce ni. Aikina kullum almakashi ne da kwali da gam, in yanka kifi, in yanka tauraro, in liƙa a bango. Tun da Baba ya rasu shekara biyar da suka wuce, mu uku ne a gida, ni da Mama da Auta. Sai Goggo, yayar Baba, da ke leƙo mu duk mako da tambayarta guda ɗaya da ba ta tsufa: "To, har yanzu shiru?" Auta kuwa nata saurayin ya daɗe da shiryawa, shi ya sa take kallona kamar motar da ta mace a tsakiyar titi ta tare wa kowa hanya.

Sai ga Mai Tabarau. A shagon gwajin ido muka haɗu, ranar da na kai Mama a canza mata gilashi. Dogo ne, mai maganar sanyi, irin mutanen nan da sai sun goge tabarau kafin su ba ka amsa. Lambata ya karɓa wai don ya sanar da ni idan gilashin Mama ya fito. Gilashi ya fito tun watanni huɗu, amma sanarwar ba ta ƙare ba har yau.

Wata rana muna hira a waya ya rubuto, "Wane fim kika fi so a duniya?"

Na jero masa sababbi guda uku. Ya turo hoton fuska mai kuka.

"Nawa tsoho ne," ya ce. "Babu wanda ya san shi a sa'anninmu. Labarin wani tela ne da wata mata mai jar riga. Duk mako sai ta tsinke maɓallin rigarta da hannunta, don kawai ta sami dalilin zuwa shagonsa. Shi kuma ya gane tun tuni, amma bai taɓa ɗinke shi da ƙarfi ba."

Ina kwance, sai ga ni zaune. "Muna da kaset ɗinsa a gida!"

"Ki rantse."

"Wallahi. Yana cikin kabad ɗin ƙasan talabijin, kusa da bidiyon da ya mutu tun ina sakandare."

Ranar mun kai awa biyu a kan telan nan. Ya ce a cinyar kakansa ya fara kallonsa, ya nemi kaset ɗin har ya gaji. Ni kuma na tuna Baba yana saka mana shi ranar hutu, Mama tana wucewa da kwandon wanki tana cewa ƙaryar 'yan fim ce kawai, amma sai ka gan ta tsaye a bakin ƙofa har a gama.

Da ranar haihuwarsa ta matso, sai na ƙudurta zan yi masa abin da ba a sayarwa a shago: kati na hannu, shagon telan sak. Na sayo kwali mai kauri ruwan madara, na naɗe shi biyu, na yanke 'yar taga. Na datse tsohon tef ɗin awo na yi masa baki a gefe. Na samo jan ƙyalle daga tsohuwar rigar Auta, na ɗinka maɓalli na gaske, na bar zaren yana reto. Komai ya zauna, sai mutanen biyu. Na gwada zana telan, ya fito kamar bunsuru da hula. Na nemo hotonsu a waya na kai aka buga mini, fuskar matar ta fito dishi-dishi, launin yana ƙyalli kamar tallar sabulu. Raina ya ƙi kwanciya da shi.

Ranar Asabar da hantsi Mama da Auta suka tafi dubiya asibiti. Ina jin ƙarar rufe ƙofa, sai ƙafata ta kai ni gaban kabad.

Kaset ɗin yana nan a ƙurya, cikin kwalinsa. Ga telan da tef a wuya, ga matar da jar riga, launinsu ya koɗe irin koɗewar da babu injin da zai iya kwaikwaya. Har da wani ɗan tabon shayi a kafaɗar telan. Na ce a raina, bidiyon ma ya mutu, wa zai nemi kwalin? Abin mamaki, duk tarkacen da ke cikin kabad ɗin ƙura ta rufe su, shi kaɗai ne fes. Na lura da haka, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Na sa reza na buɗe haɗin kwalin, na shimfiɗa shi a tebur fuskarsa a sama. Da ƙaramin almakashina mai lanƙwasasshen baki na bi telan a hankali, ko silin gashinsa ban taɓa ba. Na bi matar har zuwa dugaduganta. Ina yi ina murmushi, ina jin kaina gwana.

Sai na juya telan don in shafa masa gam.

Rubutu ne a bayansa, da shuɗin biro da ya fara komawa toka. Na san hannun kafin in karanta ko kalma ɗaya. Rubutun nan mai jingina gefe kamar iska na kaɗa shi, shi ne yake sa hannu a katin jarrabawata tun ina aji ɗaya. Almakashina ya bi ta tsakiyar layukan, abin da ya rage a bayan telan shi ne: "...ba tela ba ne, ban iya ɗinki..."

Innalillahi. Ashe wasiƙa ce Baba ya rubuta wa Mama a cikin kwalin, ni kuma na yanka ta kamar kifin 'yan ajina.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don da a nan na tsaya, da kuskure ne kawai. Zan iya tattara guntayen, in jira Mama, in durƙusa in ce na yi ɓarna. Da an liƙe su da salatif ta gaba, rubutun ya dawo. Ina cikin wannan tunanin wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Tabarau ne.

"Malama, saura kwana biyu in tsufa. Kin tanadar mini sandar dogarawa?"

Na kalli saƙon, na kalli katin da tagarsa a buɗe babu kowa a ciki. Wata murya a cikina ta ce ai an riga an yanke, abin da ya lalace ya lalace. Na ɗauki gam mai ƙarfi, wanda ba na bari yara su taɓa, na shafe bayan telan na danna. Matar kuwa ko juya ta ban yi ba. Na san akwai rubutu a bayanta, na hango inuwar biro ta gefe, sai na shafa gam ɗin a jikin katin, na ɗora ta a kai ina kallon bango. Tsoron karantawa nake, don na san idan na karanta ba zan iya ba.

Ragowar kwalin na cusa a jakar makaranta, tsakanin littafin darasi da rajista. Kaset ɗin na mayar tsirara.

Ranar Litinin na kai masa shago, sanye da doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai ratsin fari. Ya buɗe ambulan, ya zaro katin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya taɓa maɓallin da ɗan yatsa kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci.

"Wannan ai kamar hoton asali ne," ya ce. "Ba dai kaset ɗinku kika yanka ba?"

"Haba dai! Kwafi na yi, na tsufar da shi da ruwan shayi. Sirrin sana'a ne."

Kun ji yadda ƙarya ta fito mini sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ya dube ni da idanun da suka kawo ruwa ya ce, "Ki tambayar mini Mama, ranar Lahadi zan zo in gaishe ta. Gaisuwa ta sosai nake nufi." Abin da na shekara ina roƙon Allah ke nan, amma a hanyar komawa gida bakina ɗaci yake.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar da Mama zaune dirshan a ƙasa gaban kabad. Ta fito da komai: tsofaffin wayoyin lantarki, kundin hotuna, fitilar da ba ta aiki. Kaset ɗin yana kan cinyarta.

"Ke, ko kin ga kwalin abin nan?"

"Wane abu, Mama?"

"Kaset ɗin babanku. Duk ranar da na share wurin nan ina ɗauko shi in duba, yau na zo babu kwalin."

Jakar da ragowar kwalin ke ciki tana rataye a kafaɗata a lokacin. Na ce, "Ban gani ba. Ko Auta?"

"Auta me za ta yi da shi? A'a, ni ce." Ta dafa goshi. "Ni ce na ajiye wani wuri na manta. Jiya ma tabarau na kaina ina ta nemansa. Kan nan nawa ya fara tafiya, 'yar nan, tsoro nake ji."

Kun san abin da na yi? Ajiye jakar na yi a ɗaki, na tura ta ƙarƙashin gado, na dawo na taya ta nema. Na ɗaga kujeru, na leƙa bayan labule, na zazzage akwatin ɗinki. Har cewa na yi, "Kada ki damu Mama, zai fito." Ta ce Allah ya yi mini albarka. Albarkar nan ta ƙone ni fiye da zagi.

Lahadi ta zo. Tun azahar Goggo ta iso da mayafinta mai duwatsu da turaren da ke riga ta shiga ɗaki, ta mamaye babbar kujerar falo. Auta ta canza labule, ta goge tebur sau uku, tana raɗa mini, "Yaya, don Allah kada ki kore wannan, na gaji da jira." Ni na sa koriyar riga mai aiki a wuya, na shafa hoda na goge, na sake shafawa. Mama ta rame a kwana huɗun nan, amma ta ɗaura sabon ɗankwali ta zauna tana murmushi.

Bayan la'asar ya yi sallama, cikin fararen kaya, da ledar 'ya'yan itace a hannu. Ya durƙusa har ƙasa. Goggo ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci: aikinsa, iyayensa, ko yana shan taba, ko yana da fushi. Yana amsawa a natse, ina leƙe ta ƙofar kicin. Ina ɗauko tiren lemo na ji Goggo ta ce, "To kai me ka gani a jikin wannan? Shekara ashirin da takwas tana wasa da takardu kamar yarinya."

Ya yi dariya. "Goggo, wasan takardun ne ma ya gama da ni. Bari ku gani."

Ya sa hannu a jakarsa. Na gane ambulan ɗin tun kafin ya gama fito da shi. Na dire tiren a tebur.

Goggo ce ta fara karɓa. Ta juya shi, ta ja zaren maɓallin, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ke kika yi wannan? Ashe dai kina da amfani." Tunda nake da ita ba ta taɓa yabona ba sai ranar. Ta miƙa wa Mama. "Duba aikin 'yarki."

Mama ta laluba ta ɗauko tabarau, wanda shi da kansa ya gwada mata ya gyara mata zamansa a hanci. Ta saka. Ta buɗe katin.

Ban ga fuskarta ta canza ba. Babban yatsanta kawai na gani ya tafi kai tsaye ya sauka a kan tabon shayin da ke kafaɗar telan, ya tsaya a nan. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Auta na zuba lemo, Goggo na ba da labarin wani abu, babu wanda ya san gidan yana rushewa sai mu biyu.

"Ta iya yanka," Mama ta ce a hankali. "Ko silin gashinsa ba ta taɓa ba."

Ta rufe katin, ta miƙa masa da hannu biyu. "Ka adana shi da kyau, ɗana. Tsohuwar takarda ba ta son ruwa."

Har ya tafi ba ta dube ni ba. Ta sa masa albarka, ta ce a gaida mutanen gida. Goggo ta tafi tana washe baki, tana cewa wannan karon idan na yi wasa ita da ni ne. Auta ta shige ɗaki da waya tana tsalle. Ina tattara kofuna na ji muryar Mama daga ɗakinta.

"Kawo sauran."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi mini ihu, da ta zage ni tas, da na fi samun sauƙi. Na jawo jakar daga ƙarƙashin gado, na fito da kwalin da ya lanƙwashe, na kai mata. Ta shimfiɗa shi a kan gado, cikinsa a sama, ta bi shi da tafin hannu tana miƙar da shi. Ga rubutun Baba a gefe-gefe, ga ramuka biyu a tsakiya, ɗaya siffar namiji, ɗaya siffar mace, zanen gadon yana leƙowa ta cikinsu.

Na zube a ƙasa. "Mama, ki yafe mini."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ga rubutun kafin ki shafa gam, ko ba ki gani ba?"

Ga ƙofar tsira a buɗe. In ce ban gani ba, ta yarda, don uwa tana son ta yarda. Amma na tuna ta zaune a ƙasa tana dafe goshi tana zargin kanta.

"Na gani."

Ta gyaɗa kai kawai. Ta ɗora yatsa a farkon layin ta fara karantawa, idan ta iso rami sai ta ci gaba da ka, yatsan yana tafiya a kan zanen gado.

"Kin ce fim ɗin nan ƙarya ne, babu macen da za ta tsinke maɓallinta saboda namiji. Na yarda. Ni ma ba tela ba ne, ban iya ɗinki ba. Amma duk abin da ya tsinke miki a duniya, ki kawo mini. Idan kuma..."

Yatsan ya iso bakin ramin matar ya tsaya.

"Idan kuma..." Ta lumshe ido. Leɓunanta suka motsa, babu abin da ya fito. "Shekara talatin da ɗaya ina karanta shi. Tun ranar Laraba nake nemansa a kaina, ya ƙi zuwa. Ashe idona ne ya haddace, ba ni ba." Ta juyo ta dube ni, karo na farko a yinin. "Ke kin karanta na bayan matar?"

"Ban juya ta ba, Mama."

Sai a lokacin hawayenta ya zubo, ɗigo ɗaya a kan gilashin tabarau. Ba ta ce in karɓo katin ba. Na san ba za ta taɓa cewa ba, don ta ga yadda Goggo ta fita da fara'a, ta ga yadda na daɗe ina jira. Ta gwammace ta rasa layin ƙarshe na mijinta da ta taɓa mini aure.

Wayata ta yi ƙara a ƙasa kusa da gwiwata. Hoton katin ne Mai Tabarau ya turo, jingine da madubin motarsa.

"Mama ta ce tsohuwar takarda ba ta son ruwa. Gobe da sassafe zan kai a rufe shi da ledar nan ta injin zafi, irin ta takardun makaranta. Daga nan babu abin da zai sake taɓa shi har abada."

Ni ce mai sana'ar, na san abin da hakan ke nufi. Idan ledar ta kama, an gama. Na kuma san gam ɗin da na sa, ba ya sakin takarda sai ya tafi da fatarta, ko an ɓamɓare a hankali ba lallai rubutun ya tsira ba. Zan iya rasa katin, in rasa layin, in rasa mutumin da na kalli idonsa na yi wa ƙarya. Na rubuta:

"Kada ka kai shi. Ba kwafi ba ne, ƙarya na yi maka. Akwai wasiƙar babana a bayan matar, kuma ba tawa ba ce balle in ba ka."

Na tura kafin zuciyata ta hana ni. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai wayar ta ɗauki ruri a hannuna, sunansa yana haskawa.

Mama ba ta ɗago ba. Yatsanta yana nan a bakin ramin, inda kalmomin Baba suka yanke.

"Ɗauka," ta ce. "Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini."